Daga Guangzhou Zuwa Xi'an da Jakar Goyo

Yawancin mutanenmu da ke zuwa ƙasar Sin iyakarsu Guangzhou. A sauka a filin jirgi na Baiyun, a kama ɗaki a unguwar Xiaobei, a yi ta zarya tsakanin kasuwa da ofishin masu aika kaya, kwantena na cika a juyo gida. Nema ne ya kai su, babu abin zargi. Ni kuwa yawon buɗe ido ya kai ni, ni kaɗai da jakar goyo, kuma a ganina asara ce mutum ya zuba kuɗin jirgi har can ya dawo bai ga komai ba sai shaguna. Birnin Xi'an, wanda ake furtawa Shi'an, tafiyar yini guda ce a jirgin ƙasa daga Guangzhou, kuma Musulmi zai iya zuwa shi kaɗai, ya ci halal, ya yi salla cikin jam'i, ko da bai san kalma goma ta Sinanci ba. Sharaɗin dai shi ne ya gama shirinsa tun yana gida.

Kusan duk shirin a waya yake. A Sin WhatsApp da Facebook da Google da Gmail ba sa buɗewa a layin ƙasar. Mafi sauƙin mafita shi ne ka je da layin waje mai yawo, ko ka sayi eSIM, wato layin da ake saukewa a waya ba tare da kati ba, kafin ka tashi, domin irin wannan layin ba ya bi ta shingen da ke toshe su. Taswirar Google ko ta buɗe tana kauce wa ainihin wuri da ɗaruruwan mitoci, saboda Sin na da nata tsarin auna taswira, don haka manhajar taswira ta Amap ake amfani da ita. Sai kuɗi. Takardar yuan tana nan kuma ana karɓa, amma mai shago sau da yawa ba shi da canji, domin kowa da waya yake biya, har mai sayar da gasasshen dankali a bakin titi. Ka sauke Alipay da WeChat, ka ɗaura musu katin Visa ko Mastercard, ka tura hoton fasfo su tantance ka. Ka yi wannan a gida, lokacin da saƙon lambar sirri zai iya shigowa layinka. Katin dala ya fi tabbas. Abin da bai wuce yuan 200 ba babu caji, wanda ya wuce ana ɗora kashi 3 cikin 100. Fasfo kuwa kada ya rabu da jikinka. Shi ne tikitin jirgin ƙasa, shi ne na gidan tarihi, kuma 'yan sanda na iya tambayarsa, musamman a Xiaobei. Doka ta ce a yi wa baƙo rajista cikin awa 24 da saukarsa. Otal shi ke yi maka, amma in a gidan aboki ka sauka, sai kun je ofishin 'yan sanda da kanku. Wanda ya wuce wa'adin bizarsa tarar yuan 500 ce kowace rana, har zuwa 10,000, kuma ana iya tsare shi.

A Guangzhou wurare biyu na nufa. Masallacin Huaisheng na kan titin Guangta, da hasumiyarsa mai siffar kyandir, tsayinta kimanin mita 36, yana cikin tsofaffin masallatan ƙasar. Na biyu masallacin Xianxian, kusa da tashar Yuexiu Park a layi na 2 na jirgin ƙarƙashin ƙasa, inda akwai wani kabari da mutanen wurin suka gāda cewa na Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas ne. Littattafan tarihin Musulunci sun nuna cewa sahabin ya rasu ne kusa da Madina aka binne shi a Baƙi'a, amma wannan bai hana wurin zama shaida kan daɗewar fatake Musulmi a wannan gaɓar teku ba. Ranar Juma'a dubban mutane ke cika harabar: Sinawa 'yan ƙabilar Hui da fararen huluna, Uigur, Larabawa, mutanen Pakistan, mutanen Mali da Gini, ga kuma Hausa tana tashi nan da can. Wani dattijon ɗan kasuwa da muka haɗa sahu ya ji inda na dosa, sai ya ce, "Malam, me ake sarowa a can?" Na ce, "Ba komai, Alhaji, kallo kawai." Ya ce shekara da shekaru yana zuwa bai taɓa hawa jirgin ƙasa a Sin ba, Allah ya kiyaye hanya.

Tikitin jirgin ƙasa ana sakinsa kwana 15 kafin tafiya, a manhajar 12306 ta hukumar jiragen, ko a Trip.com da ɗan ƙarin lada. Sunan da ka rubuta ya zama daidai da na fasfo harafi da harafi, in ba haka ba sai ka koma layin kanta. Kuskuren da ya fi cin baƙi shi ne tasha: Guangzhou na da tashoshi da dama, jirgi mai sauri zuwa Xi'an kuwa daga ta Kudu yake tashi, a ƙarshen layi na 2, kusan awa guda daga Xiaobei. Ka isa da ratar awa ɗaya, domin akwai binciken kaya irin na filin jirgin sama, kuma wuƙa ana iya karɓe ta. A ƙofar shiga Sinawa na ɗora katin shaidarsu a na'ura su wuce. Kai ka nemi layin gefe inda ma'aikaci ke tsaye ya duba fasfo. Ana rufe ƙofa 'yan mintoci kafin tashi, kuma ba a jiran kowa.

Kujerar aji na biyu ta ci mini wajen yuan 800. Jirgin ya bi ta Changsha da Wuhan da Zhengzhou, allon da ke saman ƙofa na nuna kilomita 300 da ɗoriya a awa, cikin awa takwas ko kusa da haka muka isa tashar Arewa ta Xi'an. Ta taga sai ka ga ƙasar tana canja kama: fadamun shinkafa da ƙananan tafkuna a kudu, bayan an haye kogin Yangtze kuma sai gonakin alkama da masara shimfiɗe, can gab da isa ƙasa ta koma rawaya mai gulbi-gulbi. A ƙarshen kowane tarago akwai famfon tafasasshen ruwa kyauta. Kowa da gorarsa ta shayi, kowa da kofin taliyarsa. Ka taho da guzurinka daga Xiaobei, domin taliyar kofi da ake sayarwa sai mai tambarin halal ce kaɗai za ka ci da kwanciyar hankali.

Daga tashar Arewa layi na 2 na jirgin ƙarƙashin ƙasa ya kai ni Hasumiyar Ƙararrawa a tsakiyar gari cikin rabin awa. Nan kusa na sami gado a masaukin matafiya, ɗakin mutum shida, kuɗin kwana bai kai yuan 100 ba. Kafin ka biya kowane ƙaramin masauki ka tabbatar yana karɓar baƙin waje. Hukuma ta ce kada a kore su, amma har yanzu akwai waɗanda za su ce maka babu ɗaki don ba su iya rajistar fasfo ba, kuma gaskiya akwai waɗanda launin fata ne ke sa su faɗi haka.

Bayan Hasumiyar Ganga, wadda aka gina a 1380, nan unguwar Musulmi ta fara. Hui ne mazaunanta, Musulmi masu magana da Sinanci, waɗanda yawansu a faɗin ƙasar ya haura miliyan 11. Xi'an ita ce tsohuwar Chang'an, fadar daular Tang daga 618 zuwa 907, kuma nan ne bakin gabas na Hanyar Siliki, ta inda fataken Farisa da Larabawa suka shigo suka zauna. Babban Masallaci na cikin wani lungu mai suna Huajue, wanda masu sayar da tsaraba suka cushe har mutum zai ɗauka ya ɓata hanya. Ana sayar wa masu yawon kallo tikiti, amma Musulmi sallama kawai zai yi wa mai tsaron ƙofa ya wuce.

Wanda ya saba da ƙubba da dogon hasumiya zai tsaya yana tambayar kansa ko masallaci ne. Ginin Sinawa ne tsantsa: katako, rufin tayil shuɗi mai ratsin kore da kusurwoyinsa a lanƙwashe sama, farfajiya bayan farfajiya a jere, tsawon wurin ya kusa mita 250, faɗinsa bai kai 50 ba. Wani allon dutse a ciki ya ce an kafa shi a shekarar 742, amma gine-ginen da ke tsaye yau daga zamanin daular Ming suka faro. Fadoji da gidajen ibadar Sin kudu suke fuskanta. Wannan kuwa an miƙe shi daga gabas zuwa yamma, saboda a nan alƙibla yamma take. Bahaushe da ya tashi yana cewa a fuskanci gabas sai ya riƙa tuna wa kansa wannan a ɗakin masauki. A farfajiya ta uku akwai wani bene mai kusurwa takwas da hawa uku, shi ne hasumiyar kiran salla. Rubutun Larabcin da ke kan ƙofofi da alkalamin gashi aka tsara shi, haruffan sun yi kauri sun murɗe, sai ka matsa kusa kafin ka gane Bisimilla ce. Ɗakin salla na ɗaukar mutum dubu, wanda ba Musulmi ba daga bakin ƙofa yake tsayawa, kuma bangon ciki allunan katako ne da aka sassaƙa Alƙur'ani a kansu.

Hanafiyya suke bi, don haka akwai abubuwan da za su zo maka baƙo. La'asar tasu tana jinkiri sosai fiye da yadda muka saba. Iƙama bibbiyu ake yinta kamar kiran salla. Liman ahong ake ce masa, kuma tsofaffi har yau da sunayen Farisanci suke kiran salloli biyar. Ƙasar duka agogo ɗaya take bi, na Beijing, awa bakwai gaba da Najeriya, shi ya sa a Xi'an rana ba ta karkata sai wajen ƙarfe ɗaya saura. Ka ɗauki hoton allon lokutan salla da ke bakin masallaci, ya fi manhajar waya daidai da abin da jama'ar ke yi. A ɗakin alwala akwai ruwan ɗumi da jerin butoci masu dogon baki. Bayan sallar magariba wani tsoho ya riƙe hannuna da hannayensa biyu, ya karanta Fatiha da karin harshensu, ya nuna ni in karanta. Na karanta, ya gyaɗa kai, ya kira abokansa su ji. Iyakar hirar da muka iya ke nan, kuma ta wadatar.

Batun abinci shi ne ya fi hana mutanenmu nisa da Xiaobei, kuma tsoron na da dalili. Naman alade shi ne naman yau da kullum a Sin, in an ce nama kawai ba a fayyace ba shi ake nufi. Ganye ma ana iya soya shi da kitsensa, kuma giyar girki na shiga miya da yawa. Cewa a cire maka nama bai isa ba. Abin da za ka haddace haruffa biyu ne, 清真, ana karanta su cingjen, su ne alamar halal, galibi a kan koren allo, wani lokaci da hoton buta a gefe. A shekarun nan an cire rubutun Larabci daga allunan shaguna da yawa, don haka kada ka tsaya neman sa. Kusan kowane gari na da shagon taliyar Lanzhou, wadda ake ja da hannu a gabanka a zuba mata romon naman sa, kuma yawanci Musulmi ne daga lardunan Qinghai da Gansu ke riƙe da su. Ita ce abincin matafiyi, mai arha mai ƙosarwa.

A Xi'an kuwa paomo ne sarki. Za a ba ka kwano da gurasa biyu masu tauri, marasa yisti, rabin gasuwa. Aikinka ka marmasa su da yatsu, kowane gutsure bai wuce ƙwayar wake ba. Minti 20 zuwa 30 yake ci, kuma mutanen gari lokacin hira suka ɗauke shi. In ka yi gaggawa ka bar manyan gutsattsari, romon ba zai ratsa cikinsu ba, sai ka ji ɗanyen ƙulli a tsakiya. In ka gama a maƙala wa kwanon lamba a kai wa mai dafawa, ya tafasa shi a romon rago tare da siririyar taliya da yankan nama, a dawo maka da shi da tafarnuwa mai zaƙi da aka jiƙa da ɗan yajin barkono. Ba a juya shi da cokali, domin yana dagulewa ya saki ruwa. Daga gefen kwano ake ci ana matsowa tsakiya. Babban titin Beiyuanmen na masu yawon kallo ne, hayaniya da tsada. Ka kutsa ciki zuwa Dapiyuan ko Sajinqiao da sassafe, inda 'yan unguwa ke karyawa. Can na ci zenggao, shinkafa mai danƙo da aka turara da wani ɗan itace dangin magarya, da soyayyen fanke na wani ɗan itacen dangin kanya. Gargaɗi ɗaya: roujiamo, gurasar da ake cusa wa nama, a cikin unguwar naman sa ne, a wajenta alade ne.

Sojojin yumɓu, wato mutum-mutumin sojoji da aka tono daga ƙasa, suna Lintong, kimanin kilomita 40 gabas da gari. Ka ɗauki layi na 1 zuwa Fangzhicheng, ka canja zuwa na 9 ka sauka a Huaqingchi, sai bas mai lamba 602 ko 613. Duk wanda ya tare ka a hanya ya ce yana da mota mai sauri, rabu da shi, akwai masu kai mutane wani wurin kwaikwayo ko shagon duwatsun ado. Tikiti yuan 120 ne, ana yankansa tun kafin ranar da lambar fasfo. A watan Maris na 1974 manoma masu haƙar rijiya suka ci karo da su. Sarki Qin Shi Huang, wanda ya haɗe ƙasar Sin a shekara ta 221 kafin haihuwar Annabi Isa ya mutu a 210 kafin haihuwar, shi ya sa aka yi masa rundunar da za ta tsare shi a kabari, an ƙiyasta ta kai mutum-mutumi 8,000. Cikin ramukan da aka tono su, Rami na 1 shi ne babba, mita 230 a 62. Ka shige shi da zarar an buɗe, kafin ayarin masu jagora da tutoci su cika gaban, domin daga ƙarfe goma sai leƙe ta kafaɗar mutane.

Yawancin mutane hoto suke ɗauka a gaba su juya. Ka zagaya har bayan ramin, inda ake haɗa waɗanda suka farfashe, domin kusan dukansu a tarwatse aka tono su. Nan za ka ga yadda aka yi su: ƙafafu daban, gangar jiki da naɗin yumɓu, kai daga mazubi sannan a gyara fuska da hannu, shi ya sa gashin baki da kunne da ɗaurin gashi suka bambanta. Da fenti aka binne su, amma iska na taɓa shi yake naɗewa ya zube cikin mintoci, wannan na cikin dalilan da suka sa aka bar sashe mai yawa a rufe. A Rami na 2 akwai wani maharbi a durƙushe cikin gilashi. Ka je ta bayansa ka dubi tafin takalminsa, an zana masa ɗinkin zare ɗigo-ɗigo, ya fi yawa a dunduniya da wajen yatsu, a wurin da ba a yi tsammanin ido zai taɓa gani ba. Tikitin ya haɗa da motar da ke kaiwa tudun kabarin kansa, inda aka ajiye kekunan doki biyu na tagulla. Kabarin ba a buɗe shi ba har yau. Masanin tarihi Sima Qian ya rubuta cewa mutum 700,000 aka sa aikin, kuma an yi koguna na zaiba a ciki, binciken ƙasar tudun kuwa ya nuna zaiba mai yawa.

Ganuwar birnin ta zamanin Ming ce, daga shekarun 1370, kewayenta kilomita 13.7, tsayinta mita 12, samanta ya ishi motoci biyu su gifta. Ana hawa ta Ƙofar Kudu a ɗauki hayar keke, awa ɗaya da rabi zuwa biyu ka zagayo, sai dai tubalin na girgiza ƙashi. Abin da ya fi burge ni na ƙasa ne, a lambun da ke bin gindin ganuwar. Da safe tsofaffi ne suka mallake shi. Wasu na motsa jiki a hankali, wasu sun yi da'ira kan dara ana gardama, wani na rubuta waƙa a daɓe da ƙaton alkalami da ruwa zalla, kafin ya kai ƙarshen layi farkon ya bushe. Can wata ƙungiya na rera waƙar gargajiyar lardin, Qinqiang, da ƙaraji har jijiyar wuya, ana raka ta da goge mai tsirkiya biyu. Da yamma kuma mata su fito da lasifika su jeru rawa.

Za a kalle ka, wannan ka sa shi a ranka. A Guangzhou an saba da baƙar fata, a nan kuwa yawancin masu yawon kallo daga ƙauyuka da ƙananan garuruwa suka zo, wasu ba su taɓa ganin ɗan Afirka ido da ido ba. Za a ɗaga waya, yara za su nuna ka, wani ma ya kai hannu ga fatarka. Mafi yawansa son sani ne, kuma murmushi da "ni hao", wato sannu, kan juya shi ya zama hira ta manhajar fassara. In ba ka so, ɗaga tafin hannu ka ce "bu yao", ana bari. Najeriya "Niriliya" suke ce mata, Nijar kuwa "Niri'ar". In an gayyace ka ci, mai gayya shi ke biya, kuma jayayya kan biyan ladabi ce, ka yi ta kaɗan ka bari. Za a miƙo maka giya, ka ɗaga kofin shayi a madadinta, al'ada ce da suka sani ba kuma wanda zai ji haushi. Ka karɓi abu da hannu biyu, kada ka soke tsinken cin abinci a tsaye cikin shinkafa, domin haka ake yi wa mamaci. Gayyatar da za ka guje wa ita ce ta samari ko 'yan mata masu Turanci mai kyau da za su tare ka a wurin yawon kallo su ce ku je shan shayi, ƙarshenta takardar kuɗi ce ta ɗaruruwa ko dubban yuan. Banɗakin jama'a na ko'ina kuma kyauta, na tsuguno ne, amma babu ruwan tsarki babu takarda, don haka ƙaramar gora ba ta barin aljihun jaka. Ruwan famfo ba a shan sa sai an tafasa.

Mai sauran ƙarfi a gwiwa ya je dutsen Huashan, rabin awa da ɗoriya a jirgi mai sauri, ƙololuwarsa ta kudu mita 2,154. Na hau da motar igiya na sauko da ƙafa, matakalan suna da tsayi da santsi, safar hannu na da amfani saboda sarƙoƙin da ake riƙewa.

Watannin Afrilu da Mayu, ko Satumba da ƙarshen Oktoba, su ne lokacin zuwa. Ka kauce wa makon farko na Oktoba da farkon Mayu da bikin sabuwar shekararsu, lokacin ƙasar duka ke kan hanya kuma tikiti na ƙarewa cikin mintoci. A komowa na bi jirgin dare mai gado, wanda ya fi awa 20 amma kuɗinsa kusan rabin na mai sauri. Gadaje shida ne a kowane lungu, hawa uku-uku, ana kashe fitila wajen ƙarfe goma. Na sama ya fi arha amma ba a iya zama a miƙe a kansa. Na ƙasa shi ne wanda mutum zai iya yin salla a zaune, kuma shi ke fara ƙarewa, don haka ka neme shi tun ranar da aka saki tikiti.